Mace ko namiji: shawarwari kan hoton ciki

Ungozomomi da masu ɗaukar hoton ciki a Sakkwato sun fi jaddada lokaci: a jira mako 18 zuwa 22. Kafin mako 14 al'aurar mace da ta namiji kusan kama ɗaya ce, duk abin da aka faɗa canki-canka ne. Ko lokacin ya yi ana kuskure. Igiyar cibiya kan ratsa tsakanin cinyoyi a ɗauka namiji ne, ko ɗan tayi ya harɗe ƙafafu, ko ruwan mahaifa ya yi ƙaranci. In bai nuna ba, uwa ta ɗan zagaya, a sake dubawa.

Tsinin ciki da kwaɗayin tsami ba hujja ba ne. Magidanta kuwa, a daina ɗora wa mata laifi: ƙwayar halittar da ke tantance jinsin jariri, X (mace) ko Y (namiji), daga maniyyin uba take.