Fitilun sola nawa ya kamata a kafa a layi mai gida 20?

Sakataren Layi:
Assalamu alaikum. Layi ne mai gida 20, tsawonsa wajen mita 200. An amince a yi karo-karo a kafa fitilun sola, amma wasu sun ce huɗu, wasu sun dage sai takwas. Da wane ma'auni za a raba gardamar?

Malamin Tattali:
Wa alaikumus salam. Malam Sakatare, ku bi fitilun ɗaya bayan ɗaya, kowacce a tambaya: amfanin da za ta ƙara ya kai kuɗinta? Wanda haske ya amfana bai rage wa maƙwabcinsa komai ba, don haka sai a tara abin da kowane gida zai bayar da zuciya ɗaya saboda wannan fitilar kaɗai. Ƙa'idar da masanin tattalin arziki Paul Samuelson ya tsara ke nan a 1954.

A ce kowacce za ta ci naira 150,000. Ta bakin layi kowa na bi ta ƙarƙashinta: gida 20 a 15,000, an samu 300,000, a kafa. Ta biyar, 8,000 kowane gida, 160,000, da ƙyar ta haye. Ta shida a ƙurewar lungu, gida 6 ne suka damu da ita a 10,000, wato 60,000. Nan za ku tsaya, sai in su shidan za su cike giɓin.

Mai Aikin Sola:
Yallaɓai, a gyara lissafin kuɗin tukuna. Ban da fitilar akwai falwaya mai mita 6, kankaren gindi, ladan aiki, da batirin da dole a sauya shi bayan 'yan shekaru. Ƙurar hunturu kan rufe farantin sola, caji ya ragu, fitila ta mutu tsakar dare. Sai an ware ladan mai gogewa. Tazarar mita 25 zuwa 30 tsakanin fitila da fitila ta isa. In aka matse su, haske kan haske ne, kuɗi ya tafi a banza.

Hajiya Ma'aji:
Malam, inda gizo ke saƙa shi ne in mutum ya san abin da ya furta shi zai biya, zai rage, tunda ba mai hana shi hasken. Ku fara yanke kason kowa a gaban mai unguwa, a rubuta: mai shago kaso biyu, mai gida ya ɗauki kuɗin kafawa, ɗan haya na gyara, a sauƙaƙa wa gidan marayu. Sannan a ɗaga hannu kan kowace fitila, kowa ya san nawa za ta ƙara masa. Kada a kira mai aiki sai kuɗin sun cika a hannu.