Neman shawara: wata tara ina shan maganin haihuwa, an ce yana kawo kansar gidan ƙwai

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina zaune a unguwar Nima da ke Accra a Ghana, shekarata biyar da aure ban taɓa samun ko ɓatan wata ba. Bara likita ya rubuta mini Clomid na wata uku, ƙwaya ɗaya kullum tsawon kwana biyar a farkon al'ada. Da ya ƙare ban koma asibiti ba. Kwalin kawai nake nunawa a kemis su ba ni, har na kai wata tara. Jiya matar yayana ta ce maganin yana kawo kansar gidan ƙwai, kuma wannan cuta ce ta yi ajalin gwaggona, wadda na yi jinyarta har cikinta ya kumbura ta kasa cin ko loma uku. Daren jiya ban runtsa ba. Don Allah me zan yi?

Amsa daga wata ungozoma a Madina ta Accra:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Maganar tana da tushe: a 1994 wani bincike a Amurka ya nuna haɗarin ya ƙaru ga matan da suka sha maganin zagayen al'ada 12 ko fiye, sai dai waɗanda suka kamu a cikinsu kaɗan ne ƙwarai. Daga baya an bi diddigin mata fiye da 54,000 a Danmak, aka wallafa sakamakon a 2009, ba a ga cewa magungunan haihuwa sun ƙara haɗarin ba. Abin da ya rikita lissafin tun farko shi ne rashin haihuwar kansa yana ƙara haɗarin, domin ɗaukar ciki da shayarwa suna hutar da gidan ƙwai, kuma matan da ba su haihu ba su ne dai masu shan maganin, sai aka ɗora masa laifi. Akwai wani ƙari mai sauƙi na gidan ƙwai, wanda bai kai cutar kansa sosai ba, da har yanzu ake sa wa ido ko maganin yana ƙara haɗarinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne wata tara babu likita. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada a wuce wata shida, kuma a riƙa yin hoton ciki don a ga ko ƙwai yana nuna, saboda maganin yana iya kumbura gidan ƙwai ko ya sa bangon mahaifa ya yi siriri, ciki ya ƙi zama. Kada ki sake saya. Ki nemi takardar turawa zuwa sashen mata na asibitin Korle Bu, ki kuma gaya musu labarin gwaggonki tun kafin su tambaye ki, domin ana iya gadon haɗarin wannan cuta ta wajen uba kamar yadda ake gadonsa ta wajen uwa. Idan kina jin kumburin ciki kusan kullum, ko saurin ƙoshi, ko ciwon mara, ko yawan fitsari har tsawon makonni, kada ki jira.

Amsa daga wata Hajiya a Sabon Zango:

'Yata, Allah ya jiƙan gwaggonki. Tambayata ɗaya ce: an gwada maigidanki? Shekara bakwai na yi ina shan magani, na asibiti da na gargajiya, ashe matsalar daga wajen Alhaji take, gwajin maniyyi na rana ɗaya ne ya bayyana ta. Ki lallaɓa shi cikin ladabi ku tafi tare, kada ki ɗauki wannan nauyi ke kaɗai.

Mai tambaya:

Na gode, Anti da Mama, Allah ya saka da alheri. Ba a taɓa gwada shi ba. Zan yi masa magana yau bayan isha'i, sauran ƙwayoyin kuma na ajiye su a jaka don in nuna wa likita ranar Litinin.