A hana shigo da tsofaffin wayoyi da kwamfutoci?

Ma'aikaciyar jinya: Ni dai ina nan kan bakana, a hana. Binciken da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a tashoshin jiragen ruwan Legas a 2015 da 2016 ya gano tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa a shekara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu matattu. Cikin motocin tokumbo ake cusa yawancinsu. An mayar da mu juji.

Mai gyaran waya: Yaya, in an hana, talaka ya riƙe me? Ki zo kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ki gani. Jiya wata uwa ta kwance bakin zaninta ta ƙirga mini kuɗin adashe, ta sayi tsohuwar kwamfuta don ɗanta ya saba kafin JAMB, tunda yanzu a kwamfuta ake zana ta. Sabuwa ko a mafarki. Kuma wadda kike kira matacciya, ni a jikinta nake cire gilashi da lasifika in tashi wasu biyu.

Ma'aikaciyar jinya: Ƙanina, ragowar fa? Bayan layinmu yara 'yan jari-bola ke ƙona kebul su fitar da jan ƙarfe. Baƙin hayaƙi, hannu ba safa. Su nake gani da tari da jajayen idanu, ga dalmar da ke zama a ƙasa inda ƙannensu ke wasa.

Dattijo daga Accra: 'Ya'yana, mu mun ga irin wannan. A 2021 aka rushe Agbogbloshie, matattarar 'yan jari-bola a Accra, inda samarinmu na arewacin Gana ke fasa kayan nan. Ƙonawar ba ta tsaya ba, watsuwa ta yi zuwa wasu unguwanni. Mai neman na tuwo ba ya bari don an kore shi.

Mai gyaran waya: Baba ya gama magana. Ai dokar NESREA, hukumar kare muhalli ta Najeriya, ta riga ta haramta shigo da wanda ba ya aiki. A kunna kaya a tasha, mai rai ya wuce, matacce ya koma inda ya fito.

Ma'aikaciyar jinya: Mai ran ma shekara nawa zai yi? A hannunmu zai mutu. Tsakani da Allah, ina kake kai naka ragowar?

Mai gyaran waya: A buhu nake tarawa, Yaya. In ya cika, yaran nan ne ke zuwa su auna su saya.