Bayan takardar sallama: ta wace ƙofa kuka sake samun aiki a Gombe?

Ɗan Pantami:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na kawo zancen nan ne don ina cikinsa tsundum. Da wata ƙungiyar agaji nake aiki a ɓangaren tattara bayanai, har lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje a watan Janairun 2025. Aikinmu da kuɗin can yake tafiya, sai aka fara da cewa mu ɗan zauna a gida, daga baya takarda ta biyo. Tun daga nan nake tura CV, shiru kake ji. Duk gurbin da aka tallata, waɗanda aka sallama a Maiduguri da Yola da Damaturu da Bauchi su ma shi suke hari, kuma da yawansu sun girme ni a harkar. Don Allah wanda ya shiga wannan hali ya fita, ya gaya mana abin da ya faru da shi.

Tsohon akanta, Jekadafari:
Wa alaikumus salam. Allah Ya musanya maka da mafi alheri, ƙanena. Kafin maganar sabon aiki, ka tabbata ka rabu da tsohon da takardunka a hannu. Lokacin da kamfaninmu ya rage ma'aikata, ban bar ofis ba sai da na karɓi takardar sallama mai sa hannu da hatimi, wadda ta faɗi cewa rage ma'aikata aka yi, ba laifi na yi ba. Wannan jimlar guda ta yi mini amfani a duk inda na je daga baya.

Sai fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce wanda bai kai shekara 50 ba, ya rasa aikinsa, ya yi wata huɗu bai samu wani ba, yana iya cire kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunsa. Mutane da yawa ba su san da wannan ba. Da shi na biya hayar gida da kuɗin makarantar yara, hankalina ya kwanta na nemi aiki ba a gigice ba. Amma ka fara neman bayanin asusunka daga kamfanin fanshonka, ka duba wata-wata ko an zuba kashi 8 da ake cira daga albashinka da kashi 10 na mai aiki. Nawa akwai watannin da babu komai, sai da na yi ta sintiri kafin a cike. In abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, akwai hukumar PenCom mai kula da harkar fansho, akwai kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana da reshe a Bauchi.

Maman Biyu, Tumfure:
Ni a banki nake, irinmu da ake ɗauka ta hannun ɗan kwangila: kaya iri ɗaya da ma'aikatan dindindin, aiki iri ɗaya, amma ranar da za a rage, da mu ake farawa. A makon da aka sallame ni na gaya wa kowa, daga yayyena har matan da muke adashi tare, har malamin Islamiyyar yarana. Wata ƙawata ta ce in rufa wa kaina asiri. Na ce mata asirin me, sata na yi?

Akwai wanda aka sallame mu rana ɗaya. Kullum da safe sai ya goge rigarsa, ya ɗauki jaka ya fita kamar mai zuwa ofis, ya je ya wuni a shagon abokinsa, don kada surukai su ji. Wallahi tausayinsa ya hana ni barci. Duk wanda zai iya yi masa hanya ya ɗauka yana da aikinsa, to wa zai tuna da shi?

Nawa aikin ya zo ne ta hannun wata Hajiya mai makaranta da take zuwa ajiyar kuɗi a wurina. Ta ce ta lura ko layi ya kai bakin ƙofa ba na yi wa mutane tsawa, kuma lissafina bai taɓa ba ta matsala ba. Yanzu ni ke riƙe da kuɗin makarantarta. Albashin bai kai na da ba, ba zan ɓoye ba, amma da la'asar ina gida.

Matashi daga Herwagana:
Maman Biyu, ina girmama maganarki, amma a faɗi gaskiya. A garin nan in ba ka da uwa a gindin murhu, takardarka ko ta zinariya ce a aljihun tebur za ta kwana. Jami'ar Jihar Gombe na yaye ɗalibai duk shekara, ta Kashere na yayewa, ga masu dawowa daga jami'ar ATBU ta Bauchi da Jami'ar Maiduguri. Ina ofisoshin da za su ɗauke mu? Ga ƙa'idar shekaru, a ce kada ka wuce kaza, kai kuwa yajin aikin ASUU kaɗai ya ci maka lokaci, na 2022 wata takwas ya yi. Har wani ya zo mini da maganar in kawo kuɗi a saya mini gurbin aikin tarayya. Na ƙi. Maƙwabcinmu ya sayar da fili ya bayar, aka miƙo masa takardar ɗaukar aiki mai tambari, ya je Abuja aka ce ba su san da ita ba.

Maman Biyu, Tumfure:
Ƙanena, ban musa maka ba, akwai wannan, kuma zalunci ne. Amma Hajiyar nan ba 'yar uwata ba ce, ba 'yar siyasa ba ce. Aikina ta gani. Hanyar da nake nufi ke nan.

Malama daga Federal Low-cost:
Ɗan Pantami, harkarmu ɗaya da kai, kuma guguwa ɗaya ce ta kwashe mu. Abin da ya canza mini lamari shi ne na daina tura CV guda ga kowa. Duk tallar da na gani a shafukan intanet na neman aiki irin su ReliefWeb ko LinkedIn, sai in zauna in karanta abin da suke so layi-layi, in sake gyara takardata ta amsa shi. Maimakon in rubuta cewa na yi aikin bayanai, sai in faɗi ƙananan hukumomin da na yi aiki a ciki, masu tattara bayanai nawa na horar, da wace manhaja, Kobo ce ko Excel, da yarukan da nake ji. A jihar nan wanda ke jin Fulatanci ko Tangale ko Tera bayan Hausa yana da abin da na nesa ba shi da shi, ya rubuta.

Kada ka raina aikin mako biyu. Na karɓi aikin zagayen ƙauyuka a wajen Dukku da Nafada, ana biya kullum-kullum, ni da a da nake tura wasu. Wadda ta jagoranci aikin ita ta turo mini tallar gurbin da nake kai yanzu, kuma ita ta tsaya mini shaida.

Intabiyun ta intanet aka yi. Na je gidan yayata mai sola, na jingina wayar a jikin kwalin madara, na ajiye layi na biyu da data a gefe. Ana tsaka da tambaya sabis ya ɗauke, na sauya layi na dawo, na ba da haƙuri na ci gaba daga inda na tsaya. Bayan nan suka turo jarrabawar Excel ta awa ɗaya. Ka koma ka goge hannunka a kai tun yanzu, don a nan ake tankaɗe mutane.

Direba, Bolari:
Mu namu ba na CV ba ne. Bayan an cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, maigidana ya ajiye motoci, ya sallame mu. Na karɓi Keke ina kai balas kullum. Da na ji wani ɗan kasuwa a Tudun Hatsi yana neman direba, abu biyu ya tambaya: lasisina na da rai, kuma wa zai tsaya mini. Limamin unguwarmu da tsohon maigidan nawa suka tsaya. Shi ya sa nake cewa ko an ɓata maka, ka fita da sallama mai kyau.

Mai haɗa sola, Bypass:
Ni ban koma aikin ofis ba. Amma ina roƙon duk wanda aka ba kuɗin sallama, kada ya ruga ya buɗe POS don ya ga na wasu. A layinmu kaɗai rumfuna sun yi yawa, ribar ba ta taka kara ta karya ba. Na bi wani ƙanin abokina ina riƙe masa tsani ina ɗaukar batir, yaron da na girma nesa ba kusa ba, har na iya lissafin abin da gida ke ja da haɗa inbata. Da zafin Gombe da halin wutar nan, aiki bai yanke mini ba. Sai dai wata na samu da yawa, wata kaɗan, wanda ya saba da albashi sai ya koyi ajiya.

Ɗan Pantami:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Malama, zan sake zama a kan CV ɗin, kuma ina jin Fulatanci. Baba akanta, tawa takardar ta ce kwantiragi ne ya ƙare saboda yankewar kuɗi. Za su karɓe ta a wajen fansho?

Tsohon akanta, Jekadafari:
Ka kai musu ita su gani da idonsu, tare da lambar NIN da takardar shekarunka da bayanin asusun bankinka. In suka ce a ƙara wani abu, ka sa su rubuta maka, ka koma tsohon ofishinku tun akwai mai sa hannu a ciki, don wasu ofisoshin rufewa suke yi gaba ɗaya.