Muhawara: Shin zane zai iya tsorata babban mutum?

Nura: Ni dai maganata ɗaya ce, anime, wato katun ɗin Japan, ba ya ba da tsoro. Ido ya riga ya san zane ne. Ku tuna fim ɗin Japan Ringu na 1998, inda fatalwar nan Sadako ta rarrafo daga cikin talabijin gashi ya rufe mata fuska. Jikin mutum ne na gaske yake wannan karyayyar tafiyar, shi ya sa tsigar jiki ke tashi.

Hafsat: Yaya Nura, ka kalli anime ɗin Higurashi kuwa?

Nura: Na fara. Na ga 'yan mata masu manyan idanu suna wasan kati, na kashe.

Hafsat: To nan ka yi asara. Da gangan aka yi wannan farkon. Ƙauyen Hinamizawa ne, watan Yuni na 1983, kuma shekaru huɗu a jere duk daren bikin ƙauyen sai mutum ɗaya ya mutu, wani ya ɓace. Yaron da ya tare garin, Keiichi, ya fara tambaya, sai ya lura ƙawayen da yake dariya da su suna ɓoye masa magana. Daga baya suka kawo masa abinci gida ya ga allura a ciki. Ba fatalwa, ba dodo. Tsoron shi ne wanda kuke ci kwano ɗaya da shi, ka kasa gane ko yana son ka ko yana farautarka.

Bashir: Anti Hafsat ta faɗi gaskiya, amma anime ɗin 2006 ya yi gaggawa. Asalinsa labari ne da ake karantawa a kwamfuta, da hoto da sauti, wanda marubuci Ryukishi07 ya fara fitarwa a 2002. Zanen ma ba kyau, hannaye kamar faranti. Amma sai ka yi sa'o'i a cikin kan Keiichi, kana karanta zarginsa layi bayan layi, kukan ƙwari na tashi, can sai kiɗan ya ɗauke. Wallahi a nan hannuna ya ƙi danna gaba.

Nura: Ka ga ka taimake ni, Bashir. Rubutu da sauti ne suka tsorata ka. Zanen bai yi komai ba.

Bashir: A wannan kam ban musa ba.

Hafsat: Ni na musa. Fim ɗin anime Perfect Blue fa, na darakta Satoshi Kon, 1997? Mawaƙiya ta bar waƙa ta koma fim, wani ya riƙa bibiyarta, har ta daina bambance mafarki da ido biyu. Da yake komai zane ne, mafarkin da gaskiyar kamarsu ɗaya, kai mai kallo ma ka ɓata tare da ita.

Malam Sani: Ku yi haƙuri in sa baki. Nura firgita yake nufi, irin wadda mutum zai zabura daga kujera, kuma a nan fim ɗin mutane ya fi. Abin da Hafsat ke kwatantawa shi ne wanda ke hana barci bayan an kashe waya. Amma ƙannena, Higurashi akwai jini sosai, kada a bar wa yara don an ga katun.

Nura: Malam, ban janye ba tukuna. Hafsat, kashi na nawa allurar take?

Hafsat: Ka koma na ɗaya, Yaya. Babu tsallake.