Shawarwarin da muka tattara kan jan ƙafa wajen rubuta kundin digiri na uku

Ranar Asabar bayan La'asar muka zauna a wani ƙauye kusa da Ringim, mu biyar masu karatun digiri na uku, wasu a Jami'ar Bayero, wasu a Jami'ar Tarayya ta Dutse. Kukanmu ɗaya: koyarwa, gona, biki da ta'aziyya sun cinye lokaci, kundi yana kwance.

Shawarar da ta fi shiga raina ta babban yayanmu ce, wanda ya kammala bara. Ya ce a riƙe lokacin bayan Asuba, kafin gida ya tashi, a rubuta shafi ɗaya ko da bai yi kyau ba, gyara ya biyo baya. A ganinsa, yawancin jan ƙafa tsoron jan biron malami ne ke kawo shi. Wallahi gaskiya ya faɗa, abin da ya sa babi na biyu ya shekara a hannuna ke nan.

Wata malama ta ce a yanka wa kai ranar miƙa babi, a sanar da mai duba aikin. Batun wuta kuwa, a yi cajin kwamfuta a shagon sola. Mai tattara bayanai a karkara ya jira bayan girbi, lokacin da manoma ke samun sukunin amsa tambayoyi.