Corolla tana ɗigar baƙin mai, an ce sai an sauke giyabos

Mai tambaya: Assalamu alaikum, iyayen gida da 'yan uwa. Ina da Corolla ƙirar 2005. Duk inda na kwana da ita sai na tarar da baƙin tabo a ƙasa kamar faɗin tafin hannu, ta ɓangaren fasinja, kusa da tayar gaba. In na yi tafiya mai nisa kuma sai ƙaurin mai ya shigo ciki. Wani bakanike ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce oyil sil ɗin baya ne, wato robar da ke tare mai tsakanin inji da giyabos, sai an sauke giyabos. Kuɗin da ya yanka mini ya yi nauyi, ga shi da ita nake kai yara makaranta. In yarda a sauke, ko akwai abin da zan fara dubawa?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Ka fara tabbatar da cewa baƙin mai ne. Shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta da dare. Na giya, in otomatik ce, ja-ja ne, na inji kuwa baƙi ko ruwan zuma.

Amsa ta biyu: Malam, ka koma mai kauri mai lamba 20W-50 kawai, ka zuba maganin tsayar da yoyo. Mai kauri ba ya saurin fita.

Wani dattijon bakanike: Ɗana, kada ka bari a taɓa giyabos ɗin nan tukuna. A wannan motar giyabos yana ɓangaren direba ne, kai kuwa ka ce ɗigar ta ɓangaren fasinja take. Maganar ba ta haɗu ba.

Mai daga sama yake gangarowa, iska kuma ta kora shi baya, ƙura ta lulluɓe shi. Shi ya sa wanda ya leƙa ta ƙasa zai ga ko'ina jiƙe, ya ɗora laifin a kan abin da ya fi tsada. Ka sa a wanke injin fes, a rufe altaneta da kwayil da leda kafin a zuba ruwa. In ya bushe, a barbaɗa hodar jarirai a gaɓoɓin da ake zargi, a tayar da shi ya yi zafi, sannan a bi da tocila. Za ka ga siririn layi baƙi ya keta farar hodar. Ka bi layin har inda ya faro a sama, nan ne ciwon.

Injin motarka 1ZZ ne, na san halinsa. A bayansa, ta gefen fasinja, akwai abin da ke ɗaure sarƙar tayimin, noti biyu masu lamba 10 ke riƙe da shi. Wata 'yar roba mai kamar zobe ce ke tare mai a wurin. In ta tsufa sai ta bushe ta daskare, mai ya riƙa naso yana gangarowa ta wajen bel. Robar ba ta da tsada, amma a ba wanda ya saba. Akwai ƙugiyar da ake maƙale abin ɗaure sarƙar da ita wajen mayarwa, dole a tabbatar ta saku kafin a tayar da mota, in ba haka ba sarƙa na iya tsallake haƙori. Bayan shi sai gaskit ɗin murfin sama. Man da ke fita ta nan ne yake ɗiga kan salansa ya ba da ƙaurin da kake ji.

Ɗan uwa da ya ce a sa mai kauri, ka yi haƙuri, ban goyi baya ba. 5W-30 kamfani ya rubuta wa injin nan. Mai kauri ba ya gyara robar da ta mutu, sai dai ya jinkirta isa saman injin da safe.

Wata direba: Baba ya gama magana. Abin da zan ƙara, a duba bawul ɗin PCV, wanda ke fitar da iskar da ke taruwa cikin inji. In ya toshe, iska takan taru cikin inji ta ture mai ta kowace kafa, ko an sa sabon gaskit zai sake yoyo. A duba filta da washar notin juye ma, masu juye da yawa ba sa canja ta. Kuma don Allah kada ka yarda a shafe maka murfin da gam. Ka je kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ka nemi gaskit na ainihi. Kafin a gyara, ka riƙa zaro ma'aunin mai kowace safiya a wuri mai daidai. Lita 3.7 kacal injin yake ɗauka, in jar fitilar mai ta kama, ka kashe nan take.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. An wanke, an sa hoda. Layi biyu suka fito, ɗaya daga wurin notin nan biyu da Baba ya faɗa, ɗaya daga kusurwar murfin sama. Wajen giyabos a bushe yake ƙamas. Baba, in canja duka lokaci guda?

Dattijon bakanike: Canja duka, har da PCV ɗin. A ɗaure notocin murfin a hankali, daga tsakiya zuwa gefe, kada a matse da ƙarfi. Bayan mako guda ka sake shimfiɗa kwalinka, ka faɗa mana abin da ka gani.